Ashana daga Gidan Shirwa

"Ashana kawai nake so," in ji Ilinca. Tana tsaye a bakin shinge, ta ƙi shigowa.

Otilia ta ajiye kwanon tsabar kaji ta dubi yarinyar. Jikar maƙwabciyarta Iya Paraschiva ce, shekararta bakwai, kuma ko gishiri ba a taɓa aiko ta aro a gidan nan ba. Ba mai aiko ɗansa wurin Otilia. Ma'aikaciyar kula da yara ce a ofishin gunduma, kuma tun ranar da ta zo da umarnin kotu ta kwashe 'ya'yan Costache mashayi, mutanen ƙauyen nan Shirwa suke kiranta. Hatta limamin coci in ya hango ta, sai ya kama hannun autansa.

"Girki za ku yi?"

"E."

"Ai tun Lahadi ban ga hayaƙi a gidanku ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. An koya mata amsa, amma ba a koya mata wannan ba.

Ita ma Otilia zargi ya zame mata jiki. Ta daɗe da lura ana shanya wanki kullum a gidan, don a ce tsohuwa na nan garau, amma ba a kan igiya ba, a kan shinge, daidai inda hannun yaro ke kaiwa. Uwar Ilinca tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, ta daina ko waya. In kaka ta kwanta, doka ta ce a sanar, a ɗauke yarinya a ba wasu riƙo. Otilia ta gani ta kau da kai, kuma abin yana cin ranta.

Sai ta hango abin da ke leƙowa daga hannun rigar Ilinca: siririn kyandir ruwan ɗorawa, irin na coci. Nan take ta gane tsohuwa na bakin mutuwa. A nan ba abin da ake tsoro kamar mutum ya cika babu kyandir a kunne a hannunsa, don cewa ake a duhu zai yi ta lalube a lahira.

Ta ɗauko ashana ta wuce gaba. Zamfira, mai gidan tsallaken titi, ta ɗaga labule.

"To, Shirwa ta sauka," ta ce da ƙarfi. "Ko jira ba za ta yi a binne ba."

Ɗakin ya yi sanyi, yana warin magani da busasshen burodi. Paraschiva na kwance kusa da murhun da ya mutu, ta rame har ba a gane ta, sai idanun.

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa, Iya. Ashana na kawo."

"Ƙarya. Ƙirga mana kwanuka kika zo yi." Ta juya wurin yarinyar. "Ban ce miki gidan Zamfira ba?"

"Na je, Kaka. Ta ce sai na faɗa mata me ya faru."

Otilia ta kunna kyandir ta miƙa. Tsohuwa ta dunƙule hannu ta cusa ƙarƙashin bargo.

"Rantse tukuna. Ga hoton Maryamu can. Rantse ba za ki ba da jikata ga baƙi ba."

Abu ne mai sauƙi. Kalma ɗaya, tsohuwa ta tafi da kwanciyar hankali, wa zai sani? Amma yarinyar na tsaye tana kallon bakinta, kuma gobe ita ce za ta shiga motar ofis.

"Ba zan rantse ba, Iya. Ba ni ke yankewa ba, alƙali ne. Abin da zan iya, ni zan kai ta da kaina, in ga gadon da za ta kwana. Kuma zan nemo uwarta ko a wane lungu take."

"Shirwa," in ji Paraschiva, a hankali.

"Na ji. Karɓi wutar."

Ba ta karɓa ba. Numfashinta ya fara sarƙewa, kakin yana narkewa yana zuba a yatsun Otilia, tsoro ya kama Otilia sosai, don in matar nan ta tafi a duhu, ita ce sila. Sai Ilinca ta zare kyandir ɗin daga hannunta, ta hau gadon, ta jawo hannun kakarta ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe, Kaka. Ni na ba ki, ba ita ba."

Yatsun suka rufe. Kafin kyandir ya kai rabi, Paraschiva ta cika.

Otilia ta yafa wa madubi zane, ta buɗe taga, kamar yadda ake yi a nan in an yi rasuwa, ta fita tsakar gida. Mata sun taru a titi da baƙaƙen ɗankwalaye, ba wadda ta gaishe ta, duk hannunta suke kallo, su ga ko ta riƙo yarinyar. Ta ciro waya ta kira ofis a gabansu, ta faɗi sunan yarinyar da shekarunta.

Da ta gama, sai ta ga wankin safe yana nan a kan shinge, gefen siket ɗin tsohuwa yana taɓa ƙasa. Ta kwashe ta mayar kan igiya. Ilinca ta fito ta tsaya kusa da ita, tana miƙo mata kayan ɗaya bayan ɗaya.