Lambar da Tela Bai Gani Ba

"Baba, wace lamba ce a ciki?" in ji ɗalibar da ke kula da rumfar, ta ɗaga wani kati mai ɗige-ɗige.

Tela ya gyara zaman tabaransa. "Babu wata lamba, 'yata."

Autarsa ta tuntsire da dariya. "Arba'in da biyu, Baba! Ga ta nan ɓaro-ɓaro."

Ita ta jawo shi wannan baje kolin kimiyya da aka shirya a zauren makarantarsu. Ya leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya gaisa da ƙwarangwal ɗin roba, duk don a zauna lafiya. Hankalinsa yana shago. Kwana tara ke nan da aka dawo masa da rigunan ƙawayen amarya, an yi musu aiki da koren zare maimakon ja. Ya ɗora wa ƙaninsa da ke aiki tare da shi laifin hargitsa zare, ya wanke shi tas a gaban mutane. Ƙanin ya ɗauki almakashinsa ya tafi, har yau bai dawo ba.

Kati biyar aka nuna wa Tela, ɗaya ya gane.

"Ba ciwo ba ne, Baba," in ji ɗalibar. "Wasu haka aka haife su, ja da kore kan rikice musu. Wace sana'a kake yi?"

"Ɗinki. Shekara talatin."

Ɗalibar ta shiga gyara katunan da ba su karkace ba. Auta ma ta daina dariya.

Tela ya fita bayan zauren, kunya ta ishe shi. Sai da ya ciro waya ya mayar sau biyu kafin ya kira ƙaninsa.

"Yaya, ina wuni?"

"Maganar zaren nan. Ashe idona ne."

"Na sani, Yaya. Kullum da safe nakan jera maka su, ja a dama, kore a hagu. Ran nan ne kawai na makara."

"Tun yaushe?"

"Tun ina koyo."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa ba?"

"Haba, Yaya. Wa zai tari tela da wannan magana?"

A cikin zaure wani abu ya fashe, yara suka ɗau tafi.

"Gobe ƙarfe nawa zan zo?" in ji ƙanin.

Tela ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ka dai riga ni zuwa."