Hancin Anti

Shekarata goma sha tara a bayan kantar gilashin nan ta gaba ina sayar da turare. Mace za ta shigo, tun kafin ta ajiye jakarta na san kwalbar da za ta fita da ita. Mai tafiya a hankali tana kallon ƙasa, turarenta daban. Mai shigowa tana waya da ƙarfi kamar da kurma take magana, nata daban. Hajiya mai shagon ta sha faɗa a gaban mutane cewa hancin Anti ne jarinta, don kowa Anti yake ce mini, har ita da ta girme ni. Kowane turare a shagon yana da ɗan farin kati jingine a gabansa, da rubutun hannuna, yana faɗin irin macen da ya dace da ita. Mata sun fi karanta katin a kan shinshinar kwalbar.

To, hancin ya mutu. Mura na yi mai zafi da zazzaɓi, mako biyu, na warke, jin ƙamshi bai dawo ba. Ban ma lura ba sai ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus ina tsaye a kanta, 'yata ta fito daga ɗaki a guje tana "Umma, wuta!" Likita ya leƙa hancin da 'yar fitilarsa ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a. Wannan ai ni ma zan iya faɗa wa kaina ba sai na bi layi ba.

Ban gaya wa kowa ba a shago. In Hajiya ta ji, na rabu da kantar gaba ke nan, ni kuwa ban iya komai ba a duniya sai wannan tsayuwar. Wata bakwai ina fesa wa mata turare a takarda, in kai hancina, in lumshe ido, in ce, "Kin ji yadda ya buɗe?" Tsofaffin kwalaben na haddace su tamkar sunayen 'ya'yana, don haka babu mai sayen da ta taɓa kama ni.

Sai ga sabon kaya wata ranar Talata. Hajiya ta farke kwalin da mabuɗin motarta, ta zaro wata kwalba mai ruwan ɗorawa, ta kamo hannuna ta fesa mini a wuyan hannu.

"Anti, ke ce alƙali. Dozin biyar na ɗauko. Ki rubuta masa kati."

Na kai hanci. Sanyin ruwan kawai na ji a fata. A jikin kwalin akwai zanen wani farin fure mai rawaya a tsakiya, da rabin kwakwa, da rubutu cikin yaren da ko Hajiya ba ta ji. Amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Haba Hajiya, yaushe aka fara yanke wa turare hukunci a fesawar farko? Bari ya kwanta. Gobe."

Mu biyu ne masu sayarwa, ni da Tsigi. Ni na sa mata sunan, don 'yar ficiciya ce kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Shekararta uku da mu, da aurenta da 'ya'yanta biyu, amma ko kusa ba ta girma ba. Kullum a makare take zuwa, ta shigo da dariya kamar ita ake jira. Gyalenta in ba ruwan lemo ba to kore shar. Ka yi mata faɗa da safe, da rana ta kawo maka shayi ta manta. Ni ba na son irin wannan halin, na kuma sha gaya mata.

Da Hajiya ta fita, na kira ta da muryar malamai. "Zo nan. Shekara uku kina cin albashi, bari in ga ko kin koyi wani abu. Me kika ji?"

Ta shinshina hannuna, ta yi tsalle. "Kai, Anti! Kamar an yanka mangwaro kusa da bishiyar fure bayan an ɗauke ruwa. Sai kuma wani abu kamar madarar kwakwa daga ƙasa. Yana da zaƙi amma ba ya hawa kai."

"Ba laifi," na ce. "Kin bar abu biyu, amma ba laifi."

Da yamma 'yata ta shinshina abin da ya rage ta ce ya koma ɗumi-ɗumi, mai laushi, kamar jikin jariri bayan wanka. Na haɗa nata da na Tsigi, ƙamshi ya samu. Saura macen.

Washegari na zauna da kati da biro, kaina fayau. Tsigi ta shigo, minti ashirin a makare, tana ba mai gadi labarin yadda takalminta ya tsinke a mota, su biyu suna ta ƙyaƙyatawa. Haushi ya kama ni, sai na fara rubutu ina kallonta. Duk abin da na shekara uku ina yi mata faɗa a kai na juya shi na sa masa kwalliya:

"Na macen da dariyarta ke riga ta shiga ɗaki. Ba ta tsoron launi. Takan makara, amma ba a iya fushi da ita. Ba ta kwana da kowa a rai. In ta fita, sai a ji wurin ya yi shiru."

Wallahi da gatse na rubuta. Ina ajiye biron har da ɗan murmushin mugunta.

Dozin biyar ɗin bai yi kwana goma ba. Mata masu fuska a murtuke irin tawa su tsaya su karanta, su yi ajiyar zuciya, su ce a ba su biyu. Wata ma'aikaciyar banki ta ɗauki hoton katin da wayarta, kashegari ƙawayenta huɗu suka zo. Hajiya ta sake yin oda har sau uku, ta sa aka buga maganata da manyan haruffa aka liƙa a gilashin ƙofa. Na yi ta hura hanci, hancin da ba ya jin komai.

Ranar da ta kira ni ofis, na ɗauka ƙarin albashi ne. Har kujera ta jawo mini.

"Anti, kin san ba ni da kamarki. Amma na zauna na lura. Mace ta karanta katin nan, ta ɗago kai, wa ya kamata ta gani?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ke ma kin sani, ai ke kika rubuta da hannunki. Kamar Tsigi kika zana. Jiya wata ta tsallake ki ta je wurinta, kina gani. Ina so ta riƙe gaba. Ke kuma ki huta da tsayuwa, ga ƙafarki da ke kumbura. Ki kula mana da sito. Katuna kuwa naki ne har abada, wa zai taɓa hancin Anti?"

Na buɗe baki in ce mata katin zagi ne, sai na ga babu yadda zan faɗa ba a ce ina hassada ba. Na ce, "To, Hajiya." Shekara goma sha tara, da kalma biyu na sallama kantar.

Siton ɗaki ne marar taga a bayan shago, da fanka ɗaya mai ƙara da kwalaye har rufi. Daga nan ina jiyo dariyar Tsigi ta bango, ina liƙa farashi a gindin kwalabe. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba, na kuma tsani kaina fiye da ita.

Bayan mako uku wani sabon turaren ya zo, baƙar kwalba, ko zane babu a kwalin. Hajiya ta dire mini ita a kan tebur ta ce kafin a tashi take son kati, don mai bugawa na jira. 'Yata tana makaranta. Na fesa, na shinshina har kaina ya sara. Babu. Na zauna ina kallon farin katin, ina lissafin yadda zan fita gaban mutane in ce wa wadda ta gaje kantata ta zo in yi mata jarrabawa.

Ƙofa ta buɗe. Tsigi ce, ta shigo ta mayar da ita ta rufe, ba dariya. Ta ɗauki hannuna ta kai hancinta.

"Itace ne, Anti, mai ɗan hayaƙi. Da ɓawon lemo a sama, amma ba ya daɗewa. Na masu shekaru ne."

Na fizge hannuna. "Wa ya tambaye ki?"

"Babu." Ta sunkuyar da kai. "Tun watan da kwalba ta fashe a cikin durowarki na sani. Shago duk ya ɗauki ƙamshi, masu saye suna tari, ke kina zaune a kai kina cin gyaɗa. Da kika tafi salla na kwashe na goge. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Duk turaren da ya zo, ki ajiye mini a nan, zan riƙa shigowa."

Ashe ranar da na ce mata ta bar abu biyu, ta san ko ɗaya ban ji ba, ta tsaya ta yi mini tsalle.

Aka kira ta daga gaba, ta amsa da muryarta ta kullum ta fita. Na jawo katin na rubuta itace, hayaƙi, ɓawon lemo, yadda ta faɗa, ban canja ko kalma ba. Wata biyar ke nan tana shigowa duk ranar da sabon kaya ya zo, ta rufe ƙofa, ta faɗa mini, in rubuta, Hajiya ta yaba wa hancina. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba. Da ta tona ni tun ranar farko, wallahi da na fi samun sauƙin gaishe ta da safe.