Ranar Da Baba Ya Fito a Gawa

Da hantsi Auta ta shigo gidan, ta tarar da mahaifinta inda ta saba tarar da shi tun rasuwar mamanta: kan kujerar bakin taga, shayi ya huce a gabansa, idonsa na kan titi amma hankalinsa na can wani wuri. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, dogo siriri, wanda a da ba ya iya zaman minti biyar bai tashi ya gyara wani abu ba.

"Baba, aiki na samo maka," in ji ta, tana sauke jakar kayan aikinta. Ita ke yi wa 'yan wasa kwalliya a gidan talabijin.

"Ni da kofin shayi ma nauyi yake yi mini?"

"Wannan ba ɗaukar komai. Kwanciya ce zalla. Gawa za ka fito."

Ya juyo ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta.

Ta zauna a hannun kujerar ta yi masa bayani. Wani tsohon littafin yara ake mayarwa shirin talabijin, kuma ya san littafin, don shi ne wanda Mama take karanta musu suna ƙanana. Labarin wani baƙo ne da aka tsinci gawarsa a otal yana murmushi. Manajan otal ɗin, don tsoron kada sauran baƙi su gudu, sai ya dinga sa ma'aikata suna yawo da gawar ɗaki zuwa ɗaki, yau a cikin kabad, gobe a kwandon wanki. 'Yar mai wankin otal ɗin ce ta ɗau aniyar gano abin da ya kashe shi, har ta gano cewa dariya ce ta shaƙe shi. Abin da ya rage shi ne a san wa ya ba shi dariyar.

"Wanda aka ɗauka da farko atishawa yake yi da an shafa masa hoda," in ji Auta. "Darakta ya ce a nemo dattijo dogo wanda zai iya zama bai motsa ba. Na ce masa ina da wanda ya kusa shekara bai motsa ba."

Ta faɗa da dariya, amma muryarta ta ɗan karye a ƙarshe. Wannan karyewar ce ta sa ya ce to.

Littafin kuwa ya tuna shi, amma rabi da rabi. A wancan zamanin yakan dawo daga doguwar tafiya a gajiye, ya miƙe a tsakar ɗaki, ya dinga jiyo matarsa tana karanta wa yara, tana sauya murya. Manaja ta hanci take yi masa magana, mai dafa abinci kuma da murya kamar ana jan tebur. Kullum barci ke sace shi kafin a kai ƙarshe.

Da yayarsa ta ji labari, ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba ta iso.

"Kai yanzu da ranka da lafiyarka ka je ka kwanta a gaban jama'a kana kiran mutuwa?"

"Yaya, wadda ta shigo gidan nan wa ya kira ta?"

Sai ta huce a kan Auta. "Ke kuma duk ayyukan duniya ba ki ga na ba ubanki ba sai wannan?"

"Gwaggo, har abincin rana ana bayarwa."

"Gawa da cin abinci!" in ji Yaya. Ta kwashi kofin shayin da ya huce ta yi kicin da shi tana mita.

Ranar ɗaukar shirin, Auta ta shigar da shi wani makeken zaure mara taga, sai ga otal a tsaye a tsakiyarsa. Daga gaba otal ne sosai, da labule masu nauyi da ƙararrawar tagulla a kan teburin karɓar baƙi. Daga baya kuwa katako ne aka tokare da sanduna. Akwai matakala mai kafet ja da ta hau sama ta tsaya a iska, ba ta kai ko'ina ba. A bayan tagogin an rataye teku, wanda aka zana da fenti, igiyar ruwan ta taso ta tsaya cak. Ya daɗe yana kallon tekun nan. Sannan ya lura da wasu siraran ƙarafa biyu shimfiɗe a ƙasa, waɗanda kyamara ke tafiya a kansu. Ya durƙusa ya shafa su.

"Har da layin dogo gare ku," in ji shi.

Auta ta zaunar da shi gaban madubi mai fitilu kewaye. Ta ce ya rufe ido. Ya ji sanyin soso a goshinsa, ya ji burushi na bin gefen hancinsa, yana jin numfashinta kusa. Can sai komai ya tsaya. Ya buɗe ido. A cikin madubin ga wani tsoho fuskarsa toka-toka, leɓunansa sun yi shuɗi, idanu sun faɗa. A bayansa ga Auta riƙe da burushi, tana kallon madubin.

"Na iya aikin nan fiye da kima," ta ce a hankali.

"Ke dai ƙarasa. Ai ban taɓa yin kyau haka ba, ko ranar aurena."

Ta yi dariyar da ta zo da hawaye, ta share da bayan hannu, ta ci gaba.

Kwanciyar ba ta ba shi wahala ba. Aka sa shi a kabad, ya faɗo kan manaja yadda ake so. Aka zaunar da shi a ɗakin cin abinci da jarida a gabansa, wata baƙuwa ta yi ta ba shi labarin ciwon gwiwarta, tana yaba masa da cewa shi ne namiji na farko da bai katse ta ba. Ko gashin idonsa bai motsa ba. Darakta, wani gajere mai yawan shafa sanƙo, har tafi ya yi.

Murmushin ne ya gagara. Duk lokacin da kyamara ta matso kusa da fuskarsa, sai Darakta ya dafe kai.

"Baba, wannan na mai ciwon haƙori ne. A sake."

Ya sake.

"Wannan kuma na wanda ya haɗu da surukinsa ne a inda bai dace ba. Baba, mutumin nan daɗi ne ya kashe shi. So nake duk wanda ya ga fuskarsa ya ji kishi."

Yarinyar da ke fitowa a 'yar mai wanki, wadda kowa ke kira 'Yar Wushirya, ta zo ta tsuguna kusa da shi tana raɗa masa labaran ban dariya na makarantarsu. Ya ja leɓe don kada ta ji kunya. Ta girgiza kai.

"Kaka, bakinka ne kawai yake yi. Idonka bai sani ba."

"Ido ai a rufe yake."

"Duk da haka ana gani."

Bayan cin abincin rana aka zo fitowar kwandon wanki. Wani babban kwando ne mai tayoyi. Aka kwantar da shi a ciki, aka lulluɓe shi da zannuwan gado da ba a daɗe da goge su ba, da sauran ɗuminsu da ƙamshin sabulu. Za a turo kwandon ta dogon barandan otal ɗin, yarinyar ta ɗaga zani, kyamara ta sauko kan fuskarsa. Sai wata fitila ta mutu. Aka ce kowa ya tsaya inda yake, aka manta da shi a ciki.

Haske na ratso zanin, fari mai laushi. Muryoyin ma'aikata suka yi nisa, kamar daga wancan gefen kogi. Da aka gyara fitilar aka fara tura kwandon, tayoyin suka dinga cin karo da mahaɗin katakon ƙasa, ƙarar na zuwa bi da bi, irin ƙarar da ya shekara da shekaru yana ji a ƙarƙashin ƙafarsa.

Sai ga shi a cikin tarago. Ba a gaba yake ba inda ya saba, a kujerar fasinja yake, hannuwansa ba abin da suke riƙe da shi. Taragon na da labule masu nauyi da jan kafet. A waje tekun fentin nan ne ke wucewa, amma yanzu ya saki jiki yana motsi, igiyar ruwan da ta tsaya ta samu ta faɗo. Zannuwan gado na shanye a kan ruwan, jere har inda ido ya ƙare, iska na kumbura su. Bai yi mamakin komai ba. Bai ma tambayi wa ke tuƙi ba.

Matarsa na zaune a kujerar da ke fuskantarsa, ta naɗe ƙafa ɗaya, da tabaraun nan nata mai karyayyen hannu da ta ɗaure da zare. Littafin na kan cinyarta. Tana karatu ta hanci, da muryar manaja, tana ɗaga gira.

Ta leƙo shi ta saman tabarau. "Kai, kada ka yi mini barci. Mun kusa ƙarshe."

"Ai barcin nake yi," in ji shi.

"To yi a hankali, kada ka farka."

Ta juya shafi. Jirgin ya bi ta cikin wata tasha da ba kowa sai ƙararrawar tagulla tana kaɗa kanta. Ya so ya tambaye ta ko tana lafiya, ko akwai sanyi a can, ya so ya gaya mata famfon kicin ya sake ɗiga. Amma ya ga ba gaggawa. Hasken rana ya kwanta a gefen wuyanta, ya tsaya yana kallo.

"Matso ka ji abin da aka faɗa wa baƙon," in ji ta.

Ya matso. Ta sa hannu ta kare bakinta, ta raɗa masa a kunne, tun ba ta gama ba ita kanta dariya ta ci ƙarfinta. Ya ji dariyar ta taso masa daga can ƙasan ciki, a hankali, mai ɗumi, ta bazu har yatsun ƙafa.

"Yanke," wani ya ce, ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada jariri.

Ya buɗe ido. An ɗage zanin. Ga kyamara dab da hancinsa, ga 'Yar Wushirya baki buɗe, ga Darakta ya haɗa hannu biyu a ƙirji.

"Na ɓata muku ne?" ya tambaya.

"Baba," in ji Darakta, "ka yi minshari, amma wannan mai sauti zai cire. Fuskar nan kuwa ko ni aka ba ni ita na mutu da ita, na gode."

Auta tana can bayan kyamara, ta toshe baki da gefen gyalenta.

A motar haya, kan hanyar komawa gida, da sauran toka-toka a bayan kunnensa, ya yi ta laluben abin da aka raɗa masa. Kalmomin sun tafi, ɗumin ne kawai ya rage.

"Auta, a ƙarshen littafin nan, me aka faɗa wa baƙon?"

"Ai ba a faɗa ba. Yarinyar ta gano mai share ɗaki ce ta ba shi dariyar, amma da aka tambayi matar sai ta ƙi maimaitawa, wai kada ta ƙarasa sauran."

"To ku me kuke yi wa dariya haka a lokacin, har kuna tashina?"

"Mama ce. Idan ta zo wurin sai ta rufe littafin ta ƙirƙiro nata. Kullum sabo. Wasu ma ba su da ko kan gado, yadda take faɗa ne."

Ya gyaɗa kai, ya jingina da gilashi. Da suka sauka ya riƙe hannunta wajen tsallaka titi, kamar har yanzu ƙaramar yarinya ce.

Da yammacin wata Asabar aka nuna shirin. 'Ya'ya da jikoki suka cika ɗakin, wasu a kujera, wasu a ƙasa. Yaya ta zo, amma ta juya kujerarta gefe, ta ce ita ba kallo ya kawo ta ba. Jikokin suka yi ta ihu duk inda ya ɓullo. Da aka zo inda manaja da mai dafa abinci suka ɗauko shi, kansa ya bugi ƙofa, sai ga Yaya tsaye.

"A hankali mana, marasa imani! Ɗan mutane ne!"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ba ta sake juya kujerar ba. Da fuskarsa ta cika allon, cikin fararen zannuwa, kowa ya zuba ido. Shi ma ya kalli mutumin kamar wani baƙo da ya taɓa haɗuwa da shi a tafiya. Yaya ta jawo bakin mayafi ta goge ido, sannan ta gyara murya.

"Ni ba wannan ba," in ji ta. "Da aka ja ka ta ƙafa, kowa ya ga safarka a huje. Babban yatsa a waje, duniya na kallo. Gobe da safe ka shirya, kasuwa za mu."

"Yaya, ai sai a aiki yara."

"Ƙafar yara za a gwada?"

Washegari tun kafin ta iso ya yi wanka, ya goge takalmi, ya fito bakin ƙofa yana jiranta. Da ta ɓullo daga kan kwana tana ɗingishi da lemarta, ya taka ya tarye ta, ya karɓi jakar hannunta, suka gangara tana yi masa faɗan ya cika sauri.