Sojoji Talatin da Bakwai

Na tarar da ɗan maƙwabcina a falo da wuƙar yanka albasa, yana ɓamɓare ƙananan mutum-mutumin sojojin ubansa daga kan allo yana jefawa a kwali.

"Kai! Uban naka fa da ransa."

"Kawu, likita ya ce yau ko gobe. Mai saye kuma sojojin kawai yake so, allon ba zai shiga motarsa ba."

Shekara goma sha ɗaya maƙwabcina, tsohon soja, ya yi yana gina fagen yaƙi a kan allon nan mai girman ƙofa. Soja talatin da bakwai, ba wanda ya kai ɗan yatsa, kowanne da fuskar wani abokinsa da bai dawo ba. Da hannunsa ya fara rawa, ni nake riƙe masa gilashin ƙara girma, yana yi mini masifa wai numfashina yana busar masa da fenti. A gabana ya sa ɗan nan ya rantse ba zai raba su ba. "Tare aka baro su, tare za su zauna." Ƙato da gemunsa har da hawaye. Ashe ta ciki na ciki.

Na shiga ɗakin da tsohon yake kwance. Ta bango ana jin ƙas, ƙas.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

"Taga ake gyarawa."

Ya daɗe yana kallona. Wanda ya manna su da hannunsa ai ya san ƙarar gam in ya saki.

"Shi dai yaro ne," ya ce. "Kai fa?"

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har la'asar, bai sake juyowa ba. Washegari da hantsi ya cika. Haushin ɗan nan bai bar ni ba har yau, amma na fi jin haushin bakina.

Bayan kwana uku na ga allon a jingine kusa da bola. Tsohon bai yi rowar gam ba, don haka da yawansu a idon sawu suka karye. Takalmansu na nan a cikin taɓon fenti, bibbiyu, duk sun fuskanci gaba.