Ƙoda da Firji

Duk abin da ba zai hau sikeli ba, yayana bai yarda akwai shi ba. Tsofaffin ƙarafa yake saye: gadaje, matattun injina, ƙofofin motoci. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ka ga kamar yana ƙiyasta nauyinta kafin ya amsa.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da ya farfaɗo daga aikin da aka yi mana, da roba a hanci, ya tambayi likita nauyin ƙodar da aka ciro daga cikina aka dasa masa. Ta ce ba ta kai rubu'in kilo ba. Yaya ya gyaɗa kai.

Abu ɗaya nake so a wurinsa. Ni da matata muna zaune a ɗakuna biyu na bayan gidansa, kusa da makarantar da nake koyarwa, kuma tun kafin ya kwanta ciwo yake cewa yana bukatar wurin ya zuba kaya.

"Yanzu dai ko kunya ta hana shi," in ji matata.

Na ce ta yi shiru, ba don ɗaki na bayar ba.

Da ya ji sauƙi, sai ga motarsa a ƙofa, ma'aikatansa suna nishi da wani firji mai ƙofa biyu, sabo dal, ko ledarsa ba a cire ba.

"Malam, fito ka gani," in ji Yaya. Malam yake kirana idan zai yi min ba'a ko alheri, kuma da wuya a bambance. "Na sa an ɗora shi a sikeli. Ya fi ka nauyi, kai da ƙodar da ta rage maka."

Ma'aikatan suka yi dariya, tunda shi ke ciyar da su.

"Sabo ne kuma," in ji Yaya. "Ƙodarka fa ta hannu ce, ta sha aiki."

Matata ta yi godiya, idonta a ƙasa.

"To, na sauke nauyi," ya ce. "Ba na son a ce ina yawo da kayan mutum. Batun ɗakunan nan kuma, ƙarshen wata tagulla za ta iso, ita kuwa ba a barinta a waje. Hannu ya yi yawa."

"Yaya, ai..."

"Ai me? Akwai ciko ne? Faɗi, a ƙara maka. Talabijin?"

Da gaske yake, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ya tsaya yana jira, kamar yadda yake jiran allurar sikeli ta daina rawa. Na dubi firjin, na ji ɗinkin cikina yana ja, na rasa ta wane gefe zan ɗora maganar. Na ce babu ciko.

Ɗakin da muka samu a saman bene yake, nesa da makaranta, matakalarsa kamar maƙogwaron kaza. An juya firjin ta kowace fuska, ya ƙi hawa. Ya yi ta zama a ƙasa yana tare wa maƙwabta hanya, har suka fara gaishe mu da rabin baki.

Da Yaya ya ji labari, ya aiko mota ta ɗauke shi, don kada ya lalace a banza. Yana can a tsohon ɗakinmu, kusa da tagulla, cike da gorunan ruwa. Likita ce ta ce ya riƙa shan ruwa sosai, saboda ƙodar.