Shafukan da Gara Ta Ci

Tun zamanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, al'adar taro a unguwarmu ta Briqueterie ita ce babba ya yi magana a ƙarshe, ya rufe da addu'a, kuma abin da aka shafa fatiha a kansa ba a sake tayar da shi. Da haka aka raba gardamar famfon layinmu, da haka aka tsayar da ranar sharar masallaci. Shekara goma sha biyu ke nan ni ake ba wannan kujera, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar Asabar ɗin da aka nuna fim ɗin Zaituna.

Zaituna 'yar marigayi Halilu tela ce, aminina. Ta yi karatun harkar fim, ta dawo ta ɗauki tsohon littafin yaran nan na yarinya da gauraka mai karyayyen fiffike, ta mayar da shi fim da Hausa. Ƙungiyar iyaye ta lekol ɗinmu, wato makarantar firamare, ta ba ta zaure bayan la'asar, bisa sharaɗi: in jama'a sun yaba, za a nuna wa ɗalibai aji-aji, a kuma rubuta mata takardar shaida zuwa sauran makarantu. In ba su yaba ba, magana ta ƙare.

Littafin kuwa duk wanda ya girma a unguwar nan ya san shi, kuma daga bakina ya san shi. Mahaifina ne ya zo da shi daga Kano, na yi shekara talatin ina karanta wa yara a ƙofar gidanmu kowace Alhamis. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, tun kafin littafin ya zo hannuna gara ta cinye shafukansa na ƙarshe. Ranar farko da na kai wurin, yara suka zuba mini ido. Sai na ci gaba da kallon bangon littafin kamar mai karatu, na ce gauraka ta warke ta tashi, amma kowace damina tana dawowa ta sauka a kan rumbun yarinyar. Yara suka yi tafi. Daga ranar haka labarin ya zauna.

A fim ɗin Zaituna gauraka ta tashi, yarinya ta jira damina uku, ba ta dawo ba. A ta huɗu ta ɗauki kaskon da take zuba mata ruwa ta ajiye wa kaji. Ina ganin haka na san wannan ne ƙarshen gaskiya, domin ba irin wanda mutum ke ƙirƙira don a yi masa tafi ba ne.

Aka kunna fitila. Haman, shugaban ƙungiyar, wanda ke dillancin shanu a kasuwar Etoudi, ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Adamu mai shayi ya ce hoto ya fita tas, amma tsuntsuwar ta yi ƙiba, shi da farko ya ɗauka talotalo ce. Aka yi dariya. Wata mata ta yaba da suturar 'yan wasan. Sannan Hansai, mai sayar da kayan miya a kasuwar Mokolo, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ni jikokina biyu ga su nan suna kuka. Ke Zaituna, ina kika kai mana gaurakarmu? Ko ita ma tsadar mota ce ta hana ta dawowa?"

"Inna, haka yake a littafin," in ji Zaituna.

"Wane littafi? Ga mai littafin nan a zaune! Da ni da ke duk a tabarmarsa muka ji. Ko kin fi Alhaji Abdulgaffar karatu ne don kin je jami'a?"

Zaure ya ɗauka. Wasu suka ce yaran yanzu sai sun ɓata abu suke jin sun yi aiki. Zaituna ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Na miƙe. Na yi magana mai tsawo a kan yadda magabata suke bi a hankali da duk abin da za a sa a gaban yara. Na kawo misali biyu daga zamanin mahaifina. Ban ce ta yi ƙarya ba, ban kuma ce ta yi gaskiya ba. Na ɗaga hannu na yi addu'a, aka shafa. Haman ya rufe littafin taro ya ce ba za a nuna wa ɗalibai ba.

Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ranar Laraba na taka har unguwar Messa, inda take da ɗan ɗakin aiki. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar babu abin da ya faru, ta kawo ruwa. Na ce ta nuna mini littafinta. Ta ɗauko kwafin da ta samo a ɗakin karatun jami'a. Shafi bakwai ne ban taɓa gani ba. Na karanta su a tsaye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyar ke nan, Baba."

"Me ya hana ki faɗa a zaure?"

"A gaban mutanen da kuka raɗa wa 'ya'yansu suna? Ai da na ji kunyar mahaifina." Ta karɓi littafin ta ajiye. "Na dai zaci ku za ku faɗa."

Daga nan na wuce gidan Haman. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shafa gemu.

"Bon, to, Alhaji, ai an shafa fatiha. Ku kuka koya mana ba a komawa."

Na laluba duk tarukan da na sani tun ina saurayi, ko zan sami ɗaya da aka taɓa komawa. Ban samu ba. Na ce masa to ya kira sabon taro, ba a kan fim ba, a kaina, domin wannan ba a taɓa shafa masa fatiha ba.

Ranar Asabar ta gaba ni na fara magana, abin da mai kujerata bai taɓa yi ba. Na ɗaga littafin mahaifina na nuna musu inda gara ta tsaya, sannan na karanta shafuka bakwai ɗin daga kwafin Zaituna da babbar murya. Babu wanda ya yi dariya. Haman ya ce Litinin za a fara da 'yan aji shida, kuma zai sa hannu a takardar Zaituna.

A bakin ƙofa Hansai ta tsaya ta gaishe ni yadda ta saba, har ƙasa.

"Alhaji, to ni yanzu me zan ce wa jikokina? Na riga na rantse musu tana dawowa."

Na ce ta turo su gidana ranar Alhamis, ni zan yi musu bayani.

"A'a," in ji ta. "Bari dai na faɗa musu da kaina."