Fuskar Kaka a Jikin Bango

Shekara goma sha tara gidan Kaka yana kulle. Gida ne na gani na faɗa, bene mai ɗakuna goma sha ɗaya, da falon da za a iya juya mota a cikinsa. Amma tun da aka fita da mai shi, 'ya'ya suka watse, kowa ya bar wa ɗan'uwansa mabuɗi. Kun san kayan taro, kowa nasa ne, ba mai share shi.

Wanda ya ɗaura aniyar gyara shi ya tare a ciki Auta ne, jikan marigayin. Kada sunan ya ruɗe ku, shekarunsa arba'in da biyu, ga tumbi, ga tabarau, ga gemu da ya cinye masa rabin fuska. Ranar buɗe gidan ya zo da matarsa, Malama, da kuma Gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka.

Ana tura ƙofa wani wari ya tarbe su, irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. Malama ta yi atishawa goma sha ɗaya a tsaye, ta koma mota ta rufe gilashi.

Ruwa ya samu gida babu mai tsawata masa, ya yi abin da ya ga dama. Kwano ya ɓule a wuri bakwai, silin ya kumbura ya sauko kamar cikin wata tara, fenti ya yi ɓawo yana zuba. Fumfuna kuwa iri-iri, ga baƙa, ga koriya, ga wata fara mai gashi da ta lulluɓe takalman Kaka a bayan ƙofa, har Auta ya ja da baya, ya zaci zomaye ne.

Gwaggo ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta dogara sandarta ta miƙe falo inda hoton Kaka yake rataye. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, don mutum ne da ba ya son a ɗauke shi, wannan ɗin ma sai da aka yi masa wayo. Ashe daidai saitinsa yoyon ya fi ƙarfi. Ruwa ya shiga bayan gilashin ya cinye komai, sai kunne ɗaya da gefen hula.

Auta ya ce, “Gwaggo, ga kunnen nan dai lafiya lau.”

“Na ga kunnen,” in ji ta. Ta goge gilashin da gefen mayafi. “Shekara biyu ke nan in na rufe ido in nemo fuskar Baba, muryarsa ce take zuwa, fuskar ta ƙi. Na ce in na zo nan zan gan shi.”

Washegari ma'aikata suka zo. Akwai Mai Famfo, gajeren mutum mai faɗin rai, da Mai Fenti, dogo siriri, wanda kafin ya koma fentin gida kawuna yake zanawa a allon shagunan aski. Suna zagaye ɗakuna sai suka iske Gwaggo a ɗakin cin abinci, ta zauna kan kujera ta zuba wa bango ido. Wani tabon fumfuna ne a wurin, ya kai faɗin faranti babba, ya sauko daga saitin banɗakin sama.

“Ku yi sallama,” in ji ta. “Ga Baba.”

Auta ya gyara tabarau. Akwai ɗigo biyu baƙaƙe kamar idanu, da wani layi da ya sauko tsakaninsu, da wani kuma a ƙasa da ya karkace kamar bakin wanda aka kawo wa shayi da sanyi.

Mai Fenti ya karkata kai ya ce, “Mama, ni daga nan gefen kamar akuya nake gani.”

“To koma wancan gefen.”

Ya koma. Ya ce lallai daga nan akwai kwarjini.

Auta ya yanke cewa a bar bangon nan sai ƙarshe. Aka sake kwano, aka sauke silin, aka kankare sauran ɗakuna aka wanke su da magani, aka buɗe tagogi iska ta ratsa. Duk ɗakin da aka gama, sai a ɗauko Malama a shigar da ita a tsaya ana kallon hancinta. In ta yi minti biyar shiru, ɗaki ya ci jarrabawa. Mai Famfo kuma ya gano bututun da ya tsage a banɗakin sama, ya sake shi, ya bugi ƙirji ya ce shekara talatin yana harkar ruwa, ruwa bai taɓa raina shi ba.

Da ruwa ya yanke, bango ya fara bushewa, Kaka ya fara dusashewa. Hanci ne ya fara tafiya. Kwana uku Gwaggo ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya tayar wa Auta da hankali fiye da faɗan.

A kwana na biyar hanci ya dawo. A na bakwai Kaka ya yi kumatu. Bango ya jiƙe sharaf, Malama daga bakin ƙofar gida take fara atishawa.

“Ka ce ruwa bai taɓa raina ka ba,” in ji Mai Fenti.

“Mai kwano ne bai iya aiki ba,” in ji Mai Famfo.

“An yi ruwan sama ne a makon nan ban sani ba?”

Mai Famfo ya miƙe. Ya ɗauki guduma ya hau sama, ya fasa tayil, ya tono sabon bututun da ya sa da hannunsa, ya same shi a bushe ƙamas. Ya sake shi duk da haka. Ya kashe ruwan gidan gaba ɗaya, ya zazzage tanki, ya ɗaure bakin famfo da leda. Kwana biyu bayan nan Kaka ya wayi gari da gemu, baƙi wuluk, har kusa da makunnin fitila.

Mai Famfo ya zauna a kan matakala ya ce shi kam zai koma sayar da katifa, don gidan da bango yake shan ruwa ba tare da bututu ba ya fi ƙarfin sana'arsa.

Ran nan da azahar ma'aikata suka fita cin abinci, Auta ma ya fita, sai ya tuna ya bar wayarsa a kan taga. Yana shigowa ya ji ƙwas, ƙwas, a kan matakala. Gwaggo ce, wadda kullum take cewa gwiwarta ba ta hawa ko dakali, sanda a hannun dama, buta a hagu. Ya bi ta a hankali. Ta shiga banɗakin sama, ta durƙusa a kusurwa wurin wata 'yar tsaga, tana tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan kamar mai ban ruwan yabanya.

“Gwaggo.”

Ba ta ko firgita ba. Ta ce, “Riƙe mini sandar. Gyara nake yi. Ranar Talata hannuna ya goce ta hagu, shi ne ya fito da gemu. Baba bai taɓa ajiye gemu ba.”

“Mutumin nan sau biyu yana fasa tayil.”

“Ai na ba shi haƙuri a zuciyata.”

Auta ya zauna a bakin bahon wanka. Ya ce mata Malama ba za ta iya kwana a gidan ba muddin bangon nan yana nan, kuma in aka ci gaba, filasta za ta rufto, Kaka ya faɗo a kan teburin cin abinci. Ya ce bari ya ɗauki tabon a waya a wanko mata. Suka sauko ya ɗauka. Ta kalli wayar ta tura masa abarsa.

“Wannan ai datti ne.”

Mai Fenti, da ya dawo yana sakace, ya ji komai. Ya ce, “Mama, ni fa kawuna na yi shekara takwas ina zanawa. Ki zauna ki riƙa faɗa mini, in fitar miki da shi a allo. In ya yi, sai mu kankare bangon. In bai yi ba, ki ci gaba da butarki.”

Washegari aka samo farin katako daga ragowar silin. Ya kwafi idanun daga bango, ya kwafi kunnen daga tsohon hoton, sauran kuma Gwaggo ce da sandarta.

“Hancin ya fi haka faɗi. Ƙara. Kai, ba ƙofar gareji na ce ba, rage. Goshin ya fito gaba. Girar nan ta haɗe. Cire masa wannan askin, ba saurayi ba ne.”

“Hannuna ne ya saba, Mama.”

“Haɓar tana da 'yar tsaga a tsakiya. Yawwa. Bakin kuma ka saukar da shi, kamar an taka masa tabarma da takalmi.”

Wuni guda suna abu ɗaya. Da la'asar Malama ta leƙo ta taga, hanci a cikin hankici, ta kalli allon, ta ce, “Wa ya sa ku zana mini miji?”

Kowa ya juya ya kalli Auta, wanda yake tsaye ya haɗe gira saboda an ɓata masa yinin aiki. Gwaggo ta kalli allo, ta kalle shi, ta sake kallon allo. Ta ce ya cire tabarau. Ta ce ya matso. Ta sa tafin hannunta ta rufe gemun, ta daɗe tana dubansa.

“Ni da na goya ka,” in ji ta a hankali, “kullum jaririn nake gani. Ashe kai ka ɓoye mini shi a cikin wannan dajin.”

“Gwaggo, shekara ashirin ina tara gemun nan.”

“Shi na bango kwana biyu ya tara nasa, kuma yau za a kankare shi. Ku tafi tare.”

Mai Famfo da kansa ya raka shi shagon aski, don ya ce sai ya ga ƙarshen abin da ya ci masa tayil. Kafin su dawo Mai Fenti ya kankare bangon har ya taɓo siminti. Auta ya shigo yana shafa haɓa, ga 'yar tsagar nan a tsakiya, fara sol don ta daɗe ba ta ga rana ba. Malama ta tuntsire da dariya har ta manta da atishawa.

Gwaggo ta nuna masa kujerar da ke kan gaba a teburin, ta ja tata ta zauna tana fuskantarsa. Ya zauna yana murmushin kunya.

“Rufe bakin,” in ji ta. “Baba ba ya dariya.”

Ya haɗe rai. Ta gyara zama, ta miƙa wa Mai Famfo butar ba tare da ta ɗauke ido ba, ta ce ya je ya zubar a waje, nesa da bango.